Ƙafar Baba a Daron Ƙarfe

Ƙarfe goma da 'yan mintuna na safiyar Laraba Atika ta kira ni, ina tsaye gaban injin niƙa da ƙyalle ɗaure a hanci. Malamar firamare ce, ba ta taɓa kira na a lokacin aji ba.

"Malam Lawan, me ka ba Baba?"

Ko sallama babu. Atikar da ko saƙon waya ba ta turowa sai da sallama cikakkiya.

"Ni? Me na ba shi?"

"Ƙafarsa ta yi baƙi. Baƙi ƙirin, tun daga yatsu har idon sawu. Gwaggo ta ce abin nan da ka kawo ranar Lahadi ne ya ɗaura a kan mikin. Alhaji Jamilu yana nan, ya ce ƙafar ta mutu, sai dai a yanke."

Sai kuka. Sai wayar ta katse.

Na kai hannu zan kashe injin, na kashe fanka.

Bari in faɗi matsayina tun yanzu, kada wani ya zaci saurayi ne mai jini a jika yake ba da labarin nan. Shekaruna arba'in da takwas. Gashin tsakiyar kaina ya yi ƙaura tun kafin rasuwar matata, shekara shida ke nan. Abin hawana babur ne da sai an lallashe shi yake tashi.

Atika bazawara ce, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu. Mu biyu muke nemanta: ni, da Alhaji Jamilu mai kemis a Na'ibawa, wanda turarensa ke riga shi shiga gida, ya tafi ya bar turaren ya kwana. Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifinta da ke riƙe da gidan tun rasuwar uwar su Atika, shi take so, kuma ba ta ɓoyewa.

Ita Atika ni take so. Ban san dalili ba, ban kuma taɓa tambaya ba, don kada ta zauna ta yi tunani.

Amma ta ce ba za ta shiga gidan da mahaifinta bai sa wa albarka ba. Shi kuma mahaifin nata, Malam Ɗahiru, ya ce ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai faɗa mini ko in turo manyana ko in haƙura. Saura kwana biyu.

Akwai abin da bai sani ba. Shekaru ashirin da wani abu da suka wuce yana da lambu a bakin kogi, bayan Challawa. Ruwan da ke fitowa daga masana'antun fata ya bi ta kansa ya ƙone shi. Tun daga ranar ya rantse ɗan fata ba zai zama surukinsa ba. Ni kuwa shekara goma sha tara na yi a masana'antar fata. Ubana majemi ne. Kakana majemi ne. In aka tsaga ni, ina jin ruwan jima ne zai fito.

Atika ta sani. Sau uku tana cewa in gaya masa, sau uku ina cewa sai an ɗan saba. Abin da na gaya masa shi ne ina aiki a wani kamfanin haɗa kayan asibiti a Sharaɗa. Gaskiya ce, amma shekara uku kacal ke nan da na fara aiki a can.

Ƙaramin kamfani ne, mu tara ne duka har da mai gadi. Muna sayen bagaruwa, mu shanya a inuwa, mu cire ƙwallayen, mu niƙa, mu jiƙa a ruwa da sifirit, mu tace, mu busar da ruwan a hankali da zafi kaɗan har ya bar wata hoda ruwan ƙasa. Dakta Rut, shugabar ɗakin gwajinmu, 'yar Filato, ita ta ɗauke ni aiki, don ta ga ina gane bagaruwa mai kyau da haƙori kafin injinta ya gama tunani. Ranar farko ta yi mini bayani: yadda iska ke cin ƙarfe ya yi tsatsa, haka wani abu ke cin naman da ke bakin miki ya hana shi haɗewa, kuma a cikin hodar nan akwai abin da ke tare wannan tsatsar. Sai a dama hodar da wani abu mai yauƙi, a shimfiɗa a kan bandeji. Burinta a samu bandejin da zai taimaki masu mikin da ba ya jin magani, irin na masu ciwon suga. Amma har yau gwaji ake yi. Ko da ɓeraye ba mu gama ba.

Dokokinta biyu ne. Kada ƙarfe ya taɓa hodar, sai gilashi da roba. Kada ko ƙyalle ɗaya ya fita daga ƙofar kamfani.

Ta farkon tun ina ɗan shekara bakwai na san ta. Ta biyun ita na karya.

Alhaji Jamilu ne ya jawo, in dai ana neman wanda za a ɗora wa. Duk zuwan da zai yi sai ya zo da na'urar awon jini, ya naɗa wa Baba a hannu, tana ƙara, Gwaggo tana "Masha Allahu." Ni kuma sai lemo a leda. Ranar Lahadi na ce ni ma bari in nuna ina da kimiyya. Na zari bandeji ɗaya na sa a aljihu.

Baba ya juya shi, ya ɗaga shi a rana, ya shinshina.

"Wannan ai ƙamshin bagaruwa ne."

Na ce, "Ita ce, Baba. Turawa ma yanzu nemanta suke yi."

"Ikon Allah. Abin ya yi kyau kuwa."

Sai bakina, ba tare da ya shawarce ni ba, ya ce, "Ai naku ne, Baba."

Kowa ya san yadda ake yi. Na ƙasa ya ce naku ne, babba ya ce a'a, Allah ya yi albarka, ya miƙo maka abinka. Tunda nake ban taɓa ganin dattijon da ya karɓa ba. Malam Ɗahiru ya ce, "Madalla," ya ɗaga gefen tabarma ya tura shi ƙarƙashi.

Na ce, "Sai dai Baba, ba a fara amfani da shi ba tukuna."

Ya ce, "To, to," irin "to, to" ɗin da ake yi wa mai tallan maganin gargajiya a mota.

Kuma ina kallon ƙafarsa ta dama naɗe da tsumma. Wata huɗu yana fama da miki a ƙasan babban yatsa, ga ciwon suga, ya ƙi asibiti, don amininsa ya shiga da ƙafa biyu ya fito da ɗaya. Na san duk wannan. Amma yaya za ka ce wa mutumin da kake neman 'yarsa ya ɗaga tabarma ya dawo maka da kyautarka?

Na samu Dakta Rut tana ɗiga hodarmu a wani ruwa mai launin shunayya, tana jira ya koma rawaya. Haka take auna ƙarfinta. Na gaya mata komai a tsaye, hular aiki a hannu.

Ta ajiye kwalbar a hankali.

"Malam Lawan, daga wane kwali ka ɗauka?"

"Na gefen taga."

"Na gefen taga." Ta zauna. "Waɗanda ba a kashe wa ƙwayoyin cuta ba ke nan. A kan buɗaɗɗen miki. Na mai suga." Ta dafe kai. "Yesu."

"Dakta, zai iya kashe ƙafa cikin kwana biyu?"

"Ban sani ba! Shi ya sa ake gwaji, don ba mu sani ba!" Ta nuna ƙofa. "Tafi. A kai shi asibiti yanzu, ko da ɗaukarsa za a yi. Ka gaya wa likita duk abin da ke ciki, kada ka rage komai. Maganar aikinka sai ka dawo."

Ban san yadda na isa gidan su Atika a Challawa ba. Na ga kaina a gaban alƙali. Na ga kaina a gidan yari ina wanke kwanuka, da sanƙona. Na ga Baba a kan sanda, yana nuna ni yana cewa ga shi can. Na karanta duk addu'ar da na sani, har na tsinci kaina ina karanta ta shiga kasuwa. Da na zo daidai masana'antun fata, warin da na yi shekara uku ina gudu ya tare ni kamar tsohon abokin da ya san asirinka.

Atika tana soro tana jira na. Idanunta sun kumbura, allin aji bai ma fita daga hannunta ba.

"Atika..."

"Kada ka ce komai tukuna." Ta share fuska da gefen hijabi. "Tun safe nake tunani. Don ni ka kawo abin nan. Don ka burge shi saboda ni. Da ban ce sai da albarkarsa ba, da ba ka kawo ba."

"Wautata ce, ba ke ba."

"Wautarka ce, na sani. Amma ni na zaɓi mai wautar." Ta so ta yi dariya, kuka ya ci ƙarfinta. "Malam Lawan, mutumin nan shi ya goya ni a bayansa ya kai ni makaranta lokacin da duk ƙauyen nan ake yi masa dariya. Da mijina ya rasu, da ƙafar nan ya taka har Kumbotso ya ɗauko ni da 'ya'yana. In aka yanke ta, ko shi ya yafe maka, ni da wane ido zan riƙa kallonka? Kullum in kawo maka abinci in tuna?"

"Ba zan ce ki kalle ni ba."

"Ba don na daina son ka ba. Ka gane? Da na daina ai da sauƙi."

Na ce na gane. Ban gane komai ba.

"Gwaggo ta ce Allah ne ya tona maka asiri kafin Juma'a. Alhaji Jamilu ya ce a kira 'yan sanda. Baba bai ce uffan ba tun asuba, ko kunu bai sha ba." Ta matsa ta ba ni hanya. "Shiga. In za su cinye ka, su cinye ka ina gani."

Tsakar gidan cike take da hayaƙin turaren wuta. Baba yana kan tabarma a gindin mangwaro, ƙafar a kan matashi, an rufe ta da tawul. Ya rame cikin kwana uku. Gwaggo Asabe tana zaune a kan turmi, hannunta na dama cusa cikin mayafi. Alhaji Jamilu yana tsaye da ledar bandejina, ya riƙe ta da yatsu biyu.

Na tsuguna na gaida Baba. Ya kawar da kai.

"Ga likitan ya iso," in ji Gwaggo. "Sannu da aiki, bawan Allah. Ka zo ka ga ko ya kama?"

"Malam, dubi nan," in ji Alhaji Jamilu. "Babu suna, babu lambar hukuma, babu ranar lalacewa. Shekarata goma sha biyar ina sayar da magani, ban taɓa ganin ganganci irin wannan ba. Ka san hukuncinsa kuwa?"

Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Na ce, "Baba, ku yi mini izini in gani."

Ya ɗaga yatsa ɗaya. Atika ta janye tawul ɗin.

Innalillahi. Baƙa ce kamar gindin tukunya. Yatsun, tafin, dunduniyar, har faratan. Na dafa tabarma.

Sai idona ya kai idon sawu.

Baƙin ya tsaya cak a wuri ɗaya, ya zagaye ƙafar, layi miƙaƙƙe kamar bakin safa. Na ga fatar da ta ruɓe sau dubu nawa a rayuwata, ban taɓa ganin ruɓa ta ja layi da rula ba.

"Baba, yaya aka yi kuka cire bandejin?"

Sai a lokacin ya yi magana, da ƙyar. "Mannewa ya yi. Jiya da la'asar Asabe ta ɗumama ruwa, na tsoma ƙafar don ya saki. Ina jin rediyo, barci ya ɗauke ni. Har magariba."

"A cikin me?"

Atika ta nuna. Can jikin katanga, a kife, wani tsohon daron ƙarfe ne da fentinsa ya gama tafiya, cikinsa ja wur da tsatsa.

Bagaruwa da ƙarfe. Da su dukawa ke rina fata baƙa. Ranar da na zuba wa ubana ruwan bagaruwa a bokitin ƙarfe ina yaro, fata shida suka yi baƙi, ni kuma bayana ya yi ja.

"A samo mini lemon tsami."

"Lemon tsami!" Alhaji Jamilu ya kalli Gwaggo. "Yanzu kuma kunu za a dama mana."

Atika ta riga ta shige madafa. Ta dawo da guda biyu a yanke. Na matse a tsumma mai tsabta, na zaɓi wuri can sama kusa da idon sawu, nesa da mikin, na goga. Na sake gogawa.

Baƙin ya fara komawa toka-toka. Sannan ruwan ƙasa. Sannan ga fatar Malam Ɗahiru, da 'yan gashinta, kamar ba abin da ya faru.

"Rini ne, Baba. Ba mutuwa ta yi ba. In bagaruwa ta haɗu da tsatsa haka take yi. Shi ya sa a wurin aikinmu ba a bari ƙarfe ya taɓa ta."

Ihun da ya tashi ba daga Atika ba ne. Gwaggo Asabe ce ta zaro hannunta daga mayafi. Yatsu ukun da ta tsoma a daron jiya, baƙi ƙirin.

"Ni ma! Ni ma goga mini! Wayyo Allah, tun asuba na ɗauka ya kama ni. Har na gaya wa maƙwabciya wa za a ba tukwanena!"

Atika tana dariya tana kuka tana goge yatsun gwaggonta. Alhaji Jamilu ya ajiye ledar, ya shiga duba wayarsa da muhimmanci. Baba ya tashi zaune sosai, ya motsa yatsun da ke motsuwa, ya ce a kawo masa kunu.

"Ilimi ke nan," ya ce, yana kallo na a karo na farko. "Wani ya ce a yanke, wani ya ce a kawo lemo. Malam Lawan, ina ganin ba sai mun wahalar da Juma'a ba." Ya juya ga 'yarsa. "Kin gani ko? Da na biye muku da yanzu ina asibiti ana wasa wuƙa. To, babu inda za ni. Magana ta ƙare."

Atika ta kalle ni, fuskarta kamar an kunna fitila.

Da ni mutum ne mai hankali, da a nan labarin ya ƙare. In yi godiya, in hau babur, in je in sanar da kawuna ya wanke babbar rigarsa.

Amma ina tsugune, tsakanin fuskata da ƙafar bai fi taƙi ɗaya ba. Kuma hancina ya riga ya ji.

Ƙarƙashin turaren wuta, ƙarƙashin turaren Alhaji, ƙarƙashin lemon tsami, akwai wani wari siriri mai ɗan zaƙi-zaƙi. Ba na rini ba ne. Shekara goma sha tara aikina shi ne in tsaya a bakin ƙofa in an sauke fatu daga mota, in shinshina, in ce wannan ta shiga, wannan ta fara ruɓa. Ban taɓa kuskure ba. Wannan warin daga cikin mikin yake fitowa, kuma ya yi nisa.

Tsoron da na ji a kan babur wasa ne. Wannan shi ne na gaske. In na yi shiru, Atika tawa ce, ƙafar kuma ba za ta wuce wata ɗaya ba. In na yi magana, za a tambaye ni a ina na sani.

Na kalli Atika. Na ƙara kallonta, don in adana fuskarta ko da an raba mu.

"Baba, ku gafarce ni. Baƙin rini ne. Amma mikin ya fara lalacewa daga ciki. Yau ya kamata likita ya gan shi, ba gobe ba."

Kofin kunun ya tsaya a hanya.

"Wa ya ce?"

"Wari yake yi, Baba."

Gwaggo ta saki salati. "A gabansa? Kake neman 'yarsa kake ce masa yana wari?"

"Kai likita ne?" Muryar Baba ta yi sanyi. "Ga mai kemis nan bai ji ba. Kai a ina ka karanta wari?"

"Ba karantawa na yi ba." Na ajiye tsumman. "Shekara goma sha tara na yi a masana'antar fata, nan Challawa. Ni ke tantance wadda ta fara ruɓa. Ubana majemi ne, kakana ma haka. Na ɓoye muku. Kuma bandejin nan satar hanya na yi na fito da shi, ba a gama tsabtace shi ba. Ban sani ba ko ya ƙara wa mikin wani abu. Wannan ma sai likita ya ji."



"Ai na faɗa," in ji Alhaji Jamilu a hankali. Bai taɓa faɗa ba.

Baba ya ajiye kofin. "Atika, kin sani?"

"Na sani, Baba."

"Kin sani." Ya gyaɗa kai. "Kadada biyu. Albasa, tumatir, mangwaro goma sha ɗaya da ubana ya dasa da hannunsa. Na wayi gari ruwan ya zama shuɗi, kifaye sun juya ciki sama. Shekara uku ina zarya daga ofis zuwa ofis, ko kujera ba a ba ni ba. Uwarki ta sayar da awakinta muka ci. Shi ne za ki kawo mini ɗaya daga cikinsu, ya zauna a tabarmata, ya sha ruwan randata?"

Atika ta zube a gabansa. "Baba, ku hana ni shi. Wallahi ku hana ni, ba zan ce komai ba, ba zan ɗaga kai ba. Amma ku je asibiti. Ni ma ina jin warin nan. Sati uku ina ji in na zo wanke muku tsumma, sai in ce hancina ne. Gwaggo ma tana ji, shi ya sa kullum garwashi ba ya mutuwa a kaskon nan. Duk tsoronku muke ji. Shi kaɗai ne ya faɗa, kuma shi ne ya fi kowa abin da zai rasa."

Gwaggo ta sunkuyar da kai tana kallon yatsunta.

"Na rasa uwa, na rasa miji," Atika ta ce, muryarta ta dishe. "Kada ku sa in zauna ina kallonku kuna tafiya daga ƙafa. Don Allah, Baba. Don Allah."

Ya daɗe yana kallon kaskon turaren. Hayaƙin yana tashi yana bi ta cikin ganyen mangwaro.

"Alhaji," ya ce daga ƙarshe, "motarka tana waje?"

"Tana waje, Baba."

"To." Ya gwada tashi, ƙafar ta ƙi. Alhaji Jamilu ya matso, ya dubi farar shaddarsa, ya dubi ƙafar, ya ce bari ya je ya juyo da motar. Baba ya bi shi da ido har ya fita. Sannan, ba tare da ya kalle ni ba, ya ce, "Kai, majemi. Ka saba ɗaukar fata mai wari. Juyo."

Na juya masa baya na durƙusa. Bai kai nauyin buhun bagaruwa ba.

Atika ta wuce gaba da gudu. Gwaggo ta koma ɗaki neman takalminsa. Mu biyu muka rage a cikin duhun soro, numfashinsa a kunnena.

"Wata guda ina jin warin nan," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ni ne farkon ji."

Na gyara zamansa a bayana.

"Waɗanda suka kashe mini lambu, babu ko ɗaya da ya zo ya tsuguna ya ce ni ne." Ya ja numfashi. "Ban yafe wa fata ba. Kada ka ɗauka na yafe."

"Ban ɗauka ba, Baba."

"Za su yanke?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Amma yau ta fi gobe."

Na taka ɗaya, na taka biyu. Hasken ƙofa yana matsowa.

"In na fito da ƙafa biyu," ya ce, "ka turo manyanka."

Na tsaya cak. "In kuma..."

"In na fito da ɗaya, ka turo su da wuri. Ba zan iya tashi in kore su ba."

Ya yi 'yar dariya, amma hannuwansa da ke sarƙe a wuyana sun ƙara ƙanƙame ni. A waje Atika tana riƙe da ƙofar motar Alhaji Jamilu a buɗe, tana kallon fuskata, tana neman ta karanta abin da aka ce.

"Tafi mana," in ji Baba. "Kuma kada ka kayar da ni a gaban mai turare."